Cajar taransifoma, caja mai ƙwaƙwalwa, sola ko ɗakin caji: wanne ya dace da batirin motarka a Damagaram?

Idan batiri ya kwanta wa mai mota sau biyu a cikin bazara guda, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya sayi caja tasa ta kansa, ya huta da roƙon a tura masa mota da sassafe. Tunanin ba laifi. Sai dai idan ya shiga kasuwar Dole ko shagunan kayan mota zai tarar da caja iri-iri, kowane mai shago yana yabon tasa, kuma wanda ya saya ba tare da ya san halin batirinsa ba shi ne ke dawowa bayan kwana biyu yana cewa an sayar masa da jabu. Galibi cajar lafiyarta lau. Ko dai batirin ne ya riga ya mutu, ko kawunansa sun yi datti, ko kuma irin cajar ce ba ta dace da aikin da aka sa ta ba.

Saboda haka kafin maganar caja, sayi ƙaramar mitar awon wuta. Ita ce mafi araha a cikin duk kayan da za a ambata a nan, kuma ita ce ke raba gardama. Batirin mota na bolt 12 ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki yana ba da kamar bolt 2.1. Idan ya huta sa'o'i ba a caja shi ba, ba a yi aiki da shi ba, cikakke zai nuna 12.6 zuwa 12.7. Wanda ya nuna 12.2 rabinsa ya tafi. Ƙasa da 11.9 ya kwanta. Wanda kuwa aka yi wa caji dare guda, da safe ya koma wajen 10.5 ya tsaya, wannan ɗaki ɗaya ne ya haɗe a cikinsa, biyar ke aiki, kuma babu cajar da za ta tashe shi, ko ta nawa ce.

Abin da ya kamata a auna kowace hanya da shi

Na farko, kuma shi ya fi kowane nauyi a garin nan: shin abin yana tsayawa da kansa idan batiri ya cika? Ana ƙayyade cajin batiri ne a kan zafin digiri 25, inda bolt 14.4 ya isa. Duk sanda zafi ya ƙaru, ƙarfin da batiri ke iya ɗauka raguwa yake, har a digiri 45 ya kamata a sauko da kusan rabin bolt. A watannin Afrilu da Mayu kuwa digiri 40 da ɗoriya abin kullum ne a Damagaram, balle cikin gareji mai rufin kwano. Cajin da ya wuce kima a irin wannan zafi yana ƙone ruwan batiri, yana cin farantan dalmar da ke ciki, kuma ba a gane ɓarnar sai bayan watanni.

Na biyu, ko za ta iya ɗaga batirin da ya kwanta ƙwarai. Na uku, yadda take jure wutar gari da ke zuwa tana ɗaukewa, tana hawa tana sauka, da wutar janareta. Sai kuɗin saye, da ƙarko, da ko akwai mai gyara a kusa idan ta lalace. Na ƙarshe haɗari, ga mutum da kuma ga kayan lantarkin motar.

Akwai lissafi guda da ya shafi kowace caja. Duba jikin batirinka, za ka ga lamba da Ah a gabanta, misali 60Ah ko 70Ah, wato yawan wutar da batirin ke iya ajiyewa. Kashi ɗaya cikin goma na wannan lambar shi ne amfiyar da ta dace, wato yawan wutar da caja za ta riƙa tura masa: batirin 60Ah, amfiya 6. Idan rabinsa ya tafi, 30Ah ake nema, wato awa 5 a lissafi, amma saboda asarar da ake yi da yadda caji ke raguwa a ƙarshe, ka sa ran awa 7 zuwa 8. Duk wanda ya ce zai cika maka shi a minti 40, samansa kawai zai shafa.

Tsohuwar cajar taransifoma

Ita ce mai nauyin nan mai akwatin ƙarfe da allura a gaba, wadda ake gani a kusan kowane gareji daga Zango zuwa Sabon Gari. Cikinta ba komai sai naɗin waya da diyod, wani lokaci da maɓallin zaɓen bolt 6, 12 da 24. Wannan sauƙin ne ƙarfinta. Ƙura ba ta dame ta ba, tana shekaru tana aiki, idan ta ƙone masu naɗin waya za su sake naɗe ta, diyod kuma ana samu. Ba ta tambayar batiri komai: ko bolt 3 ya rage masa, za ta tura masa wuta.

Kuma nan ne matsalarta take. Ba ta san cika ba. Idan ka manta da ita, ƙarfin zai yi ta hawa ya wuce bolt 15, har 16, batiri ya shiga tafasa. Abin da take fitarwa kuma yana bin wutar da ke shigo mata. An tsara ta a kan bolt 220, idan wutar unguwa ta yi ƙasa da daddare, sai ta kwana tana gurnani ba ta zuba abin kirki ba, idan wutar ta haura kuma ta zuba fiye da kima.

Allurarta tana da labari ga wanda ya iya karanta ta. A kan lafiyayyen batirin da ya kwanta, allura tana tashi sama da farko, sannan ta riƙa saukowa a hankali cikin sa'o'i. Idan ka jona ka ga ba ta motsa ba ko kaɗan, fara da abu mai sauƙi: fis ɗin cajar, soket, sannan hannuwan cajar da kawunan batirin. Farin garin nan ko koren da ke taruwa a kan batiri yana hana wuta wucewa ko da hannun ya kama tam. A jiƙa kanwa a ruwa a wanke kan da tsohon burushi, a goge ya bushe, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan, domin kanwa kashe asid take. Idan komai tsaf ne kuma allura na nan a ƙasa alhali mita tana nuna ƙarfi ya yi tsalle zuwa 15 nan take, to gishiri ya kama farantan, abin da ke samun batirin da aka bari a kwance makonni. Wani lokaci ƙaramin caji na amfiya 1 ko 2 na kwana ɗaya ko biyu yana dawo da wani abu daga cikinsa. Ba ya dawowa kamar sabo.

Idan kuma allura ta buga ƙarshe ta ƙi saukowa, waya na ɗumi, cire nan take. Ko an juya ja da baƙi, ko maɓallin yana kan 24, ko batirin ya haɗe a ciki. Haka idan jikin batirin ya yi zafin da ba ka iya barin tafin hannu a kansa, wato ya doshi digiri 50, ko ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko gefensa ya kumbura.

Ba na ba mai motar zamani shawarar ya jona irin wannan caja batiri yana haɗe da mota. Kwamfutar injin ba ta son bolt 16. A cire kan baƙi tukuna, ko a sauko da batirin gaba ɗaya.

Caja mai ƙwaƙwalwa

Ƙarama ce, mara nauyi, da allo ko ƴan fitilu. Tana caji mataki-mataki: ta zuba amfiya har ƙarfi ya kai wajen 14.4, ta riƙe shi nan amfiyar na raguwa, idan ya cika ta sauko wajen 13.5 ta yi ta gadinsa. Yawancinsu idan ka juya ja da baƙi ƙara kawai za su yi, ba tartsatsi. Ga mutumin da zai jona ya tafi masallaci ya wuce kasuwa, wannan ita ce. Masu kyau daga ciki suna da ma'aunin zafi da ke rage ƙarfin caji da kansa, kuma a ganina wannan ya cancanci ƙarin kuɗin da ake sawa a kansa fiye da duk wani adon allo.

Ƙorafin da aka fi yi a kanta shi ne, an jona ta ta ƙi tashi, ko ta nuna alamar kuskure, ko ta ce babu batiri. Dalili shi ne sai ta ji wani ɗan ƙarfi a batirin kafin ta saki wuta. Iyakar ta bambanta: wata tana tashi daga bolt 2 ko 3, wata sai 8 ko fiye. Batirin da aka bar wa fitila a kunne kwana uku yana iya faɗuwa ƙasa da haka, sai cajar ta ɗauka ba a jona komai ba. Maganin da makanikai ke yi shi ne su kawo lafiyayyen batiri su haɗa da mataccen da wayoyin tada mota, ja da ja, baƙi da baƙi, su ɗora cajar a kai. Bayan kamar awa guda, a kashe caja, a raba su, a auna. Idan ya haura bolt 10 da wani abu, cajar za ta karɓe shi shi kaɗai. Ba aikin da za a bari a tafi ba ne, a riƙa taɓa jikinsa. Wasu cajojin suna da maɓallin tilastawa da ke yin wannan aikin, kuma yana da kyau ka tambaya kafin ka biya.

Ƙorafi na biyu ya fi yaudara. Ka jona batirin da ya kasa tada mota, minti 15 caja ta kunna kore ta ce ya cika. Ba ƙarya ta yi ba, ƙarfin ya kai inda take jira. Batirin ne ya zama kamar randar da yashi ya cika rabinta: guga biyu ta tumbatsa, guga biyu kuma ta ƙare. Gwajinsa shi ne a mayar da shi mota, a ɗora mita, wani ya murza makulli. Idan lokacin da sitata ke juyawa ƙarfin ya faɗi ƙasa da 9.6, a fara shirin sabo. Kuma kada a yarda da awon da aka yi da zarar an cire caja, zai nuna 13 da wani abu ko batirin ba shi da kirki. A bar shi ya huta sa'o'i, ko a kunna manyan fitilu minti ɗaya ko biyu a kashe, sannan a auna.

Sai zaɓen yanayi. Akwai na batirin ruwa, akwai na AGM, wato rufaffen batirin da ba a ƙara masa ruwa, wasu har da na litiyom, akwai kuma alamar babur. Wanda ya bar ta a kan alamar babur ya jona batirin 70Ah zai kwana biyu yana jira, domin ƙasa da amfiya ɗaya take bayarwa. Yanayin gyara da wasu ke da shi yana tura ƙarfi sama da 15, na batirin ruwa ne, kuma a wajen mota.

Rauninta na gaske biyu ne. Ƙwaƙwalwar ba ta son wutar da ke tsalle, musamman ta ƙaramin janaretan da ake kunna wa injin walda ko firji a lokaci guda, kuma idan ta ƙone da wuya a gyara, sai dai wata. Na biyu, wasu idan wuta ta ɗauke ta dawo ba sa ci gaba sai an danna maɓalli. Ka kwanta kana murna, ka tashi ka tarar tun ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta tsaya. Wannan ma abin gwadawa ne a shago: a jona, a zare filogi, a mayar, a gani. Masu arahar cikinsu kuma, amfiyar da aka rubuta a kwali ba kullum ita ce ke fita ba, fankarsu kuma tana shan ƙura lokacin hunturu.

Faifan sola da regilata

Rana dai ba ma rasa ta. Faifai mai wat 50 yana ba da kusan amfiya 3 a tsakiyar rana, a yini guda ka samu wajen 15Ah idan an goge ƙura an fuskantar da shi daidai. Batirin 60Ah da rabinsa ya tafi zai ci kwana biyu ke nan. Ba na mai gaggawa ba ne. Amma ga motar da ke ajiye a ƙauye wajen Tanut ko Gure inda babu layin wuta, ko motar da maigida ya tafi ya bari wata biyu, babu kamarsa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne jona faifai kai tsaye da batiri. Faifan da ake kira na bolt 12, idan ba a ɗora masa komai ba yana kai 21 zuwa 22, kuma zai dafa batiri idan ya cika aka bar shi. Dole sai da regilata a tsakani, wato na'urar da ke rage caji idan batiri ya cika. Ita ma tana da tsarinta: batiri ake fara jona mata, sannan faifai, wajen cirewa kuma faifai ne farko. Yawancinsu daga batirin suke samun wutar tashi, don haka batirin da ya mutu murus ba zai kunna su ba, ciwo ɗaya da na caja mai ƙwaƙwalwa, magani ma ɗaya. Wanda ke da sola a gida da inbata, ya fi masa sauƙi ya jona caja mai ƙwaƙwalwa a soket da rana kawai.

Ɗakin caji, da kuma barin mota ta caja kanta

Kai batiri wurin mai caji shi ne mafi araha idan abin sau ɗaya ne a shekara. Ribarsa ba cajin ba ce kaɗai. Ƙwararren mai caji yana da ma'aunin ruwan batiri, zai zuƙo daga kowane ɗaki ya gani: cikakke yana nuna wajen 1.27, kuma idan biyar sun tashi ɗaya ya zauna ƙasa, magana ta ƙare. Haɗarin shi ne gaggawa. Idan batura sun yi layi, wani zai buga wa naka amfiya mai yawa don ya sallame ka. Wani kuma zai ce a zubar da ruwan a zuba sabon asid. Kada ka yarda. Abin da ke ƙonewa a batiri ruwa ne, asid yana nan, don haka tataccen ruwan batiri kaɗai ake ƙarawa, ba na famfo ba, ba na rijiya ba. Kafin caji a zuba daidai abin da zai rufe farantai, a cika bayan an gama. Ka yi wa batirinka alama, kuma ka ce masa, "Malam, auna mini shi a gabana tukuna, kuma a sa masa ƙaramar wuta, gobe na zo." Mai sana'ar kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Tada mota da batirin wani a ce altanaita za ta cika shi kuwa, fita kunya ce ta rana ɗaya. Aikin altanaita shi ne mayar da ɗan abin da sitata ta ci, tana riƙe da 13.8 zuwa 14.5. Zuwa Mirya da dawowa ba zai cika mataccen batiri ba, barin inji yana aiki a tsaye ma ya fi rashin amfani, ga wahalar da altanaitar ke sha. Af, dabarar nan ta zare kan batiri inji yana aiki don a gwada altanaita, a bar ta. Mita za ta ba da amsar ba tare da an ƙona kwamfutar mota ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Mataccen batiri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Taransifoma | matsakaici | sosai, ana gyarawa | sai an tsaya a kai | tana ɗagawa | wuce kima, tartsatsi |
| Mai ƙwaƙwalwa | daga araha zuwa tsada | ya danganta da iri | jona ka tafi | sai da dabara | wuta mai tsalle |
| Sola da regilata | mafi tsada da farko | faifai yana daɗewa | jinkiri | sai da dabara | jonawa ba regilata |
| Ɗakin caji | kaɗan kowane zuwa | ba ruwanka | ɗauka da kaiwa | yana ɗagawa | cajin gaggawa, ƙara asid |

Kowace ka zaɓa, batirin da ke caji yana fitar da iskar haidurojin, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa shi ya watsa asid a fuska. A yi caji a inuwa inda iska ke wucewa, ba sigari, ba murhun shayi kusa. A kama ja a kan mai alamar +, baƙi a kan mai alamar −, sannan a sa filogi. Wajen cirewa filogi ne farko. Idan asid ya taɓa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a nufi asibiti.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai mota ɗaya da ke yawo cikin gari, tafiya gajera, ga na'urar sanyaya mota a kunne: caja mai ƙwaƙwalwa ta amfiya 5 zuwa 8, wadda ke ci gaba da kanta bayan ɗaukewar wuta, ya riƙa ɗora ta sau ɗaya a wata tun batirin bai kwanta ba. Mai gareji yana bukatar duka biyu, taransifoma ta ɗaga matattu, mai ƙwaƙwalwa ta ƙarasa. Mai babbar mota da ke bin hanyar Agadas ko Diffa da batura biyu da aka haɗa suna ba da bolt 24, ya nemi mai maɓallin 24 da ƙarfin da ya kai girman baturansa, amma lokaci-lokaci ya raba su ya caja kowanne a kan 12, don ta haka ne ake gane wanda ya fara rauni kafin ya ja ɗan'uwansa. Ɗan kabu-kabu ko mai babur, batirinsa ƙarami ne, amfiya ɗaya ta ishe shi, cajar mota mai allura za ta ƙone masa shi. Wanda ke zaune inda babu wuta, sola da regilata. Wanda abin ya same shi sau ɗaya saboda ya manta fitila, ya kai ɗakin caji ya riƙe kuɗinsa.

Akwai kuma wanda bai kamata ya sayi caja ba tukuna: mutumin da batirinsa sabo ne, ana caja shi ya cika, bayan kwana biyu a ajiye ya sake kwanciya. Wannan ya auna kawunan batirin inji yana aiki. Idan bai kai 13.8 ba, altanaita ce ko bel ɗinta. Idan ya kai, to wani abu ne ke shan wuta mota a kashe, rediyon da aka ƙara, na'urar ƙararrawa, ko fitilar but da ba ta mutuwa. A kashe komai, a rufe ƙofofi, a cire kan baƙi a sa mita tsakani a kan awon amfiya, a ba motar ɗan lokaci ta yi shiru. Abin da ya wuce miliamfiya 50 sosai alama ce, sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi.